Ƙwai a Bakin Galɗa

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima inda kake kwance. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ai ba kai za ka karanta ta ba, ƙanena Isa za ka miƙa wa, yana karantawa kana yi masa faɗa ya daina haɗiye kalmomi. Amma wani labari ne ya cika mini ciki tun ranar Juma'a. Na ba matata Hajara shi sau uku har ta ce in ƙyale ta ta yi girkinta, kuma duk duniya kai kaɗai ne za ka ji daɗinsa yadda ya kamata. To ka yi haƙuri ka saurare ni.

Bari in fara da na gida, kada ka ce ban da tarbiyya. Inna lafiyarta lau. An yi mata aikin ido, yanzu tana gani har tana tsinto wa matar Isa tsakuwa a cikin gero, abin da ya sa matar Isa ba ta cika murna da aikin ba. Damina ta yi kyau a Arewa, rumbunka ya cika. Burgaminka da gorarka suna rataye a inda ka bar su. A nan Jidda muna nan unguwar Mahjar, hawa na uku, ɗakuna biyun nan da na sha ba ka labari. Jikokinka mata sun girma. Ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, amma in aka zo zancen tuwo da miyar kuka babu wadda ke neman tafinta.

Ni kuwa na bar aikin sito a Madinar Masana'antu. Shekara goma sha bakwai ina ɗaga kwali, bayana ya ce ya gaji. Kafilina, Abu Majid, mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ke hannunsa, ya mai da ni gadin gonarsa a bayan gari. Akwai dabino, akwai ciyawar dabbobin nan da suke kira barsim, akwai kuma karnuka huɗu. Ka ji ko, Baba? Karnuka. Na tsallake hamada da teku don in rabu da warin kare, Allah Ya ɗauko ni Ya ajiye ni a ƙofar ɗakinsu. Na san da kana nan sai ka yi dariya har ka sarƙe.

Karnukan nan irin na Larabawa ne, siluƙi, 'yan uwan dogayen karnukan Buzayen nan da kake so. Ƙafa kamar sillen kara, ciki a ɗame, in suka zura da gudu ido ba ya bin su. Abu Majid ya san asalin kowannensu har kaka na bakwai, abin da bai sani ba game da surukansa. Wadda ya fi ji da ita sunanta Gazala. Ran da ƙaya ta shige mata tafin ƙafa aka rasa mai taɓa ta, ban san lokacin da na durƙusa na kama ta yadda kake kamawa ba, hannu ɗaya a ƙirji, baki kusa da kunne. Ta yi tsit na cire. Ashe hannu ba ya mantuwa ko da mai shi ya so ya manta. Daga ranar aka bar mini kula da su.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Tun da na zo ƙasar nan, duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana, sai in ce manomi ne. Ba ƙarya ba ce ɗungum, ai kana noma. Amma ni na san abin da nake ɓoyewa. Kunya nake ji in ce ubana mafarauci ne mai yawo da karnuka. Tun ina yaro ake toshe hanci in na shiga sahu a makarantar allo, ana cewa ɗan gidan karnuka ya zo. Ran da zan taho ka raka ni tasha da karyarka Barsu a bayanka, na ce maka ka koma da ita, mutane na kallo. Ka juya ka kai ta gindin itacen bedi ka ce ta zauna, ka dawo kai kaɗai ka yi mini addu'a. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Me ya hana ni? Kullum ina cewa sai na zo gida, har aka bugo mini waya aka ce an kai ka.

Bayan rasuwarka da kamar kwana arba'in Gazala ta shiga lokacin neman namiji. Abu Majid ya ce in kulle ta da kyau, akwai wani siluƙi mai asali da za a kawo mata daga wajen abokinsa. To a gonar da ke maƙwabtaka da mu akwai Adamu, Bahaushen Sudan, makiyayin awaki, yana da wani kare baƙi da fari mai gashi buzu-buzu. Ba shi da kyau ko na anini. Amma na sha tsayawa a bakin shinge ina kallonsa. Adamu zai yi fito sau ɗaya, karen ya zagaya ya tattaro awaki ɗari ya shigar da su garke, ba ya cizon ko ɗaya. Duk lokacin da na gan shi sai maganarka ta dawo mini, cewa karen gudu ƙafa gare shi ba kai, karen kiwo kai gare shi ba ƙafa, mai son cin nama sai ya haɗa su. Haka ka samu Barsu, uwa ta Buzaye, uba na Fulani. Ruwa-biyu kake kiransu, kana cewa su ne karnukan talaka, don talaka ba shi da dokin da zai bi kare, dole karen ya san hanyar dawowa da abin da ya kama.

Baba, ni na buɗe ƙofar. Da rana tsaka, ido biyu, ba mantuwa ba. Kewarka ce ta yi mini yawa, ina so in ga wani abu naka yana tafiya a ƙasa. Da cikin ya fito na ce wa Abu Majid sakata ce ta lalace. Ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, yana ta maimaita galɗa, galɗa, wato kuskure. Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Na san amana na ci, kuma na san da kai ne ba za ka yi wannan ƙaryar ba.

Ta haifi biyar. Ya ce da an yaye su kada ya ƙara ganin ko ɗaya. Huɗu makiyaya suka karɓe. Kafin in ba da su na yi irin gwajinka: na kwashe su na kai bayan ɗaki na zube, na koma gefe. Huɗun suka zauna suna kuka. Wata 'yar ja mai farin ƙirji ba ta yi kuka ba, ta sa hanci a ƙasa tana tangaɗi har ta isa wurin uwarta. Ita na riƙe. Na kai ta wajen Adamu ta tashi cikin awaki, ni kuma ina zuwa safe da yamma. Sunan da ubangidana ya ba cikin shi ya bi ta, Galɗa.

Da ka gan ta da ka ce Barsu ce ta dawo. Doguwa ce amma ba ta kai uwarta ba, ƙirjinta ya fi faɗi, gashinta ɗan kaushi-kaushi. Halin kuwa sak. Wuni take yi a miƙe a inuwa kamar wadda ta yi noman kadada, ka rantse ba ta da amfani. Ba ta haushi. Ga sata, Baba! Na ajiye gurasata da wake na juya in ɗauko shayi, na waiwayo babu gurasa, ita kuwa tana kwance idonta a rufe, har da munshari. Na ɗaga takalmi, sai na tuna ka ce ba a dukan ruwa-biyu. Ka ce karen gudu in ka doke shi ya manta, karen kiwo ya jure, amma ruwa-biyu sai ya riƙe ka a zuci har ya mutu. Na ajiye takalmin na harare ta kawai. Kwana biyu tana bin bayana kai a ƙasa tana neman sulhu. Ba ta daina satar ba, ta dai daina yi a gabana.

Sai na fara mata karatun ƙwai. Ka tuna? Kai da ƙwan zabuwa kake farawa saboda ɓawonsa da tauri, in kare ya iya ɗauko shi ya kawo maka bai fasa ba, sai ka koma na kaza. Kana cewa bakin da ya riƙe ƙwai ba zai ci amanar zomo ba, kuma malamai sun ce karen da ya ci daga abin da ya kama, kansa ya kama wa, bai halatta gare ka ba. Ka kuma tuna wanda yake sace ƙwan ya soya a bayan rumbu ya ce Barsu ce ta fasa? Ba ka doke ta ba, ni ma ba ka doke ni ba. Ka dai dube ni ka ce abin mamaki ne karyar da ta iya soya ƙwai har da gishiri. Daga ranar na zama Ci-ƙwai a gidanmu, har Inna. A nan babu zabi, sai na fara mata da dafaffe. Ta cinye goma sha ɗaya kafin ta gane ba sadaka nake yi ba. Daga baya muka koma ɗanye. Ta fasa, ta fasa, ran nan ta taho a hankali kamar amarya ta ajiye mini shi a tafin hannu lafiya lau. Na zauna a ƙasa na yi kuka, Adamu ya zaci kunama ce ta harbe ni.

Matsalar ita ce ruwa-biyu mutum ɗaya yake zaɓa, kai ka faɗa. Da ta kai shekara ta daina zama wajen Adamu. Ko ya ɗaure ta sai ta kwance, in same ta a ƙofar ɗakina. Haka Abu Majid ya zo ranar wata Asabar ya tarar da ita kwance kusa da Gazala, uwa da 'ya, kamannin ba ya ɓoyuwa. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce ranar Juma'a abokansa za su zo da karnukansu, ba zai yarda su ga jinin Gazala a jikin wannan abu ba. Ya ba ni zuwa Juma'ar in san inda zan kai ta. In ba haka ba direba zai saka ta a mota ya kai ta can cikin sahara ya sauke. Halas, in ji su, wato shi ke nan. Ka san abin da hakan ke nufi a ƙasar da babu ko tafki.

Kwana shida na yi ina yawo da maganar. Na fara da gida. Hajara ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko a kan gadonmu karyar za ta kwana ko a kan na yara, kuma wace ƙofa mala'iku za su riƙa bi. Gaskiyarta ne, ban ja ba. Na je kasuwar Bab Makka wajen 'yan garinmu masu sayar da atamfa da turare, na tambaya ko akwai wanda ya san mai gona da ke son kare. Suka yi mini dariya har da tafawa, wani ya ce ashe Sani ɗan manomi ya san kare haka. Na yi dariyar yaƙe na fito. Makiyayan da na sani duk sun ce ba sa son wadda za ta gudo. Ranar Alhamis na sayo mata ƙashi mai nama, na zauna ina kallonta tana ci, ina jin kamar ranar tashar nan ce ta dawo, zan sake cewa a kai ta gindin bedi saboda mutane na kallo.

Abin da ya tara baƙin ranar Juma'a shi ne zomaye. Wani ma'aikaci da ya riga ni ya taɓa kiwon na gida, suka kuɓuce suka haƙa ramuka suka hayayyafa, suka zama 'yan daji. Barsim ɗin nan sun aske shi tas. Abu Majid ya ga dama ta samu, a rage ɓarna kuma a nuna karnuka. Bayan la'asar suka iso, motoci biyar, aka shimfiɗa darduma aka kawo gahawa da dabino. Galɗa na ɗaure ta a bayan ɗakin injin ruwa. Direba ya riga ya juya motarsa ya buɗe bayanta, yana jira baƙi su shagala.

Aka saki siluƙai. Wallahi Baba gudu kam akwai shi, ba zan rage musu ba. Amma gona ba fili ba ce. Ga bututun ban ruwa a shimfiɗe, ga kututturan dabino, ga shinge. Zomo ya yi taku goma ya karya kwana, kare ya wuce fuu kamar motar da ba burki, kafin ya juyo zomo ya shige rami. Haka aka yi ta yi. Wani kare ya yi tuntuɓe da bututu ya dawo yana ɗingishi. Da ƙyar biyu suka haɗu a kan zomo ɗaya, kafin a isa sun raba shi, kowa ya haɗiye rabonsa. Wani dattijo a cikin baƙin ya girgiza kai ya ce wannan ai ba ya ciwuwa, karnukan kansu suka yi wa farauta. Fuskar Abu Majid ta yi ja. Na ga ya ɗaga wa direba hannu, wato yalla, a gama da waccan.

Ni aka aika in kwanto ta. Na je na durƙusa ina kwance igiyar. Daga nan mota tana hannun dama, barsim yana hannun hagu. Me kake tsammani na yi? Na san zan iya rasa aikin, na san iƙamata a hannun mutumin nan take, ga mata ga yara. Amma na riga na mai da kare baya sau ɗaya a rayuwata don kunyar mutane, kuma ban ji daɗin abin ba. Na kama ta hannu ɗaya a ƙirji, baki kusa da kunne, na yi Bismillah da ƙarfi yadda kake yi, na nuna mata hagu.

Ba ta zura da gudu ba. Ta sunkuya ta sa hanci a ƙasa, ta bi gefen shinge tana sanɗa, har wani ya yi dariya ya ce tsoro take ji. Ni na san abin da take yi, na sha ganin ubanta yana yi wa awaki. Ramukan ta fara zagayawa ta tsaya tsakaninsu da ciyawar. Sannan ta kutsa. Zomo ya tashi ya nufi gida ya tarar da ita a hanya, ya karya kwana ya yi fili, a nan kuwa ƙafar da ta gada wajen Gazala ta fito. Taku nawa ne? Ban ƙirga ba. Na dai ga ƙura, sai na ga ta taho a hankali, kai a sama, zomo a baki yana harba ƙafa. Ta ratsa ta tsakiyar baƙi ba ta kalli kowa ba, ta ajiye mini shi a hannu. Dattijon nan ya karɓa ya juya shi ciki da baya. Ko ɗigon jini babu, miyau ne kawai. Ya ce a kawo wuƙa, wannan halal ne. Kafin rana ta faɗi ta kawo bakwai, duk da ransu.

Abu Majid ya kira ni gaban darduma ya tambaye ni yadda aka yi kare ya kama nama bai huda ba. Na ce a ba ni ɗanyen ƙwai daga kicin. Na ajiye shi can kan tsakuwa, na yi mata alama, na kuma roƙe shi ya buɗe hannunsa. Mutumin da bai taɓa yarda inuwarta ta taɓa shi ba. Sai ga shi ya buɗe. Ta ɗauko ta zo ta tsaya tana kallona, don ba ta saba ba wa wani ba. Na gyaɗa mata kai. Ta sa masa shi a tafin hannu a hankali, ta koma gefe ta miƙe ta rufe ido kamar ba ita ba.

Sai ya tambaye ni wa ya koya mini. Baba, a gaban mutum fiye da goma sha biyar, da Larabcina mai karyayyen baya, na ce ubana ne. Na ce ubana mafarauci ne ɗan mafarauci, daga ƙasar Arewa, ya yi shekara hamsin yana haɗa irin waɗannan karnuka, kuma babu gidan da ke unguwarmu da bai ci naman hannunsa ba. Na faɗi sunanka cikakke. Tunda baki ya buɗe kuma, na ƙarasa: na ce sakata ba ta lalace ba, ni na buɗe ƙofar, na ci amanarsa, ya yi mini hukuncin da ya ga dama amma ya bar karyar.

Ya daɗe yana kallon ƙwan da ke hannunsa. Sannan ya ce ƙaryar da na yi masa ta fi buɗe ƙofar ciwo, kuma in na sake taɓa sakatar Gazala ba da izninsa ba sai dai in ji labarin Jidda a rediyo. Na ce na ji. Ya tambaya ko kana da rai, na ce shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. Ya ɗaga hannu, duk suka ɗaga, Larabawa masu motoci biyar a zaune a kan darduma suna nema wa mafaraucin Arewa rahama. Ka taɓa tsammanin haka? Ni dai a hankali na ce amin. Direba ya rufe bayan motarsa ya zo ya zauna aka zuba masa gahawa.

Galɗa tana nan. An yi mata rumfa kusa da ɗakina. Dattijon nan har ya fara tambaya ko in ta haihu za a ba shi ɗaya, Abu Majid ya ce sai an yi layi, shi da ko sunanta ba ya son ji. Jiya na koma Bab Makka na sami wanda ya ce mini ɗan manomi, na gyara masa zance a gaban kowa. Jikokinka ma na zaunar da su na ba su labarinka da na Barsu tun daga farko, da Hausa, ban yarda sun amsa da Larabci ba. Hajara ta dafa zomaye biyu da aka ba ni, ta ce da daɗi, amma har yanzu hawa na uku ba wurin kare ba ne.

Ka yafe mini ranar tasha, Baba. Da na bari Barsu ta raka mu har bakin mota. Ina jin ka daɗe da yafewa, kai da ba ka riƙe ko karen da ya cije ka ba, amma ina so in faɗa da bakina.

Saura abu ɗaya, don na san za ka tambaya. Ƙwan nan da Galɗa ta sa wa Abu Majid a hannu, da baƙi suka watse ya miƙo mini shi ya ce in mayar kicin. Ban mayar ba. Na soya shi a bayan ɗakin injin ruwa, har da gishiri, na ba ta rabi na ci rabi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Sai mun zo.

Ɗanka,
Sani Ci-ƙwai, ɗan mafarauci